Fitilun da Suka Shigo da Ƙafarsu

Ɓarayi iri-iri unguwar nan ta gani, har da wanda ya taɓa cire ƙofar banɗaki mai banɗakin yana ciki, amma ba ta taɓa ganin wanda ya shiga wuri a ɓoye ya ƙara masa kaya ba sai a safiyar wata Litinin. Shugabar gidauniyar marayu ta buɗe sito don ta nuna wa baƙuwarta buhunan abinci, sai ga kwalaye jere a jikin bango, sababbi fil, an gyara musu zama kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Ranar Alhamis da ta rufe siton babu su. Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, taga ma ba a taɓa ta ba.

Baƙuwar kuwa ba ta shan ruwa da gaisuwa ba ce. Jami'a ce daga hukumar da ke sa ido a kan ƙungiyoyin agaji, matashiya mai fara'a, irin mutanen da za su yi maka murmushi su kuma rufe maka shago. Ta farka kwali ɗaya, ta ciro fitila mai aiki da hasken rana, har da wurin cajin waya a gefenta.

"Hajiya, wa ya kawo waɗannan?"

"Wallahi yanzu nake ganinsu, kamar yadda kike ganinsu."

Jami'a ta mayar da fitilar a hankali. Ta ce haske da cajin waya su ne abin da mutanen daji masu bindiga suke nema ido rufe, ga shi gobe motar gidauniya za ta kai abinci ƙauyukan bakin daji, kuma kowa ya san a shingen bincike hannu kawai ake ɗaga mata. Haka ake yi wa masu zuciyar kirki: a cusa kaya a cikin na marayu, motar sadaka ta yi wa mugu dako ba ta sani ba.

"Ba na zarginki, Hajiya," in ji ta. "Amma bayan la'asar zan tafi. In har lokacin ba mu san hannun da ya kawo su ba, dole in sa wa gidan nan kwaɗon hukuma, in miƙa maganar ga jami'an tsaro."

Shugaba ta juya ta dubi madafa, inda tukwanen abincin yara suke tafasa, ta zauna a kan buhu ba ta shirya ba. Kafin ta dawo hayyacinta labari ya zaga unguwa ya dawo, kuma kowa ya fara kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

*

Mai Sawu yana zaune a tsakar gidansa lokacin da Maigadin gidauniya ya yi sallama. Dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata da ɓarayin kanti, kuma ba ya gajiya da ba da labarin kansa. Sai dai tun da yanar ido ta rufe masa gani aka yi masa aiki, bai sake fita bin sawu ba. Likita ya ce idon ya warke, shi ma yana gani, amma ganin kofin shayi daban, ganin inda ƙafa ta taɓa ƙasa daban. Gaskiyar magana tsoro yake ji, kada ya durƙusa a gaban mutane ƙasa ta ƙi yi masa magana.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya, tana gefe tana ɗinke masa maɓallin riga, gwangwanin maɓallanta a buɗe kamar kullum, rabinsu a ciki rabinsu a ƙasa.

"Ana nemanka a gidauniya," in ji Maigadi daga bakin ƙofa. "Taso, a hanya zan gaya maka."

Mai Sawu ya miƙe ya jawo takalmin ruwansa mai dogon wuya daga bayan randa, wanda ba ya fita aiki sai da shi.

"Malam, a wannan zafin?" in ji Iya ba ta ɗago ba. "Ka sa silifas mana."

"Kin taɓa ganin mai bin sawu da silifas? Ai sai ɓarawon ya raina ni."

Ya zura ƙafa, ya ɓata fuska. Takalmin ya matse masa yatsu.

"Zaman gidan nan da kike sa ni har ƙafata ta yi ƙiba," ya ce.

"Ba ƙafar kaɗai ba," in ji Iya. Ya fita yana ɗan ɗingishi, tana bin bayansa da kallo, allura a tsaye a hannunta.

*

A hanya Maigadi ya zayyana masa komai, har da maganar kwaɗon hukuma. Mai Sawu ya ce shi duk rayuwarsa abin da ya fita yake bi, yau kuma an ce ya bi abin da ya shigo.

Filin gidauniyar ya bushe ƙamas, mutane kuma sun tattake shi tun safe. Ya zaga ya sake zagawa, yana jin idanun jama'a a ƙeyarsa, sai can a gefen ƙofar sito, inda inuwar bango take, ya hangi wani ɗan wuri da ƙasa ta taɓa jiƙewa ta sandare. Ya durƙusa. Ga layin tayar baro ya fita ba nauyi, ya dawo ya nutse. Ga kuma sawun takalmin ruwa guda biyu, sun fito raɗau.

"Yaushe ka yayyafa ruwa a nan?" ya tambayi Maigadi.

"Ranar Juma'a, kafin in tafi masallaci. Kullum haka nake yi."

"Wato ka bar gadi ka tafi."

"To in bar salla in yi gadin garin masara?"

"Makullan fa?"

Maigadi ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "A cikin tsohuwar buta nake sa su, bayan ƙofa. Ba wanda ya sani."

Daga madafa wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Butar shuɗiya ko? Ai a nan muke ɗauka in gishiri ya ƙare."

Jami'a ta rufe baki da gyale tana dariya. Mai Sawu bai yi dariya ba, don ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa. A dugadugin sawun hagu akwai wani ɗan zagaye da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma a cikinsa akwai ƙananan ɗigo guda huɗu. Ya lumshe ido ya buɗe, suna nan. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, sai da ya yi gyaran murya don kada a gani.

"Maɓalli ne," ya ce. "Ya maƙale a tsagar ƙasan takalmin. An shigo ana sallar Juma'a, ƙasa da danshi, da baron gidan nan aka ɗauko kayan. A nemo min takalmi mai maɓalli a dugadugi, an sami mutumin."

Ya bi layin baron har bakin ƙofar gida, inda kwalta ta haɗiye shi. Sannan ya sa Maigadi ya cire nasa takalmin. Ƙasansa ya suɗe tas, ba tsagar da ko tsinke zai maƙale.

*

Direban gidauniya suka iske a ƙarƙashin mota, kuma jama'a sun riga sun yanke masa hukunci. Shi ke zuwa bakin daji, shi ke gaisawa da mutanen da ba a san su ba, ga shi kwanan nan ya sayi sabuwar waya. A unguwar nan sabuwar waya kaɗai ta isa a kai mutum ƙara.

"Fito, ɗana," in ji Mai Sawu. "Ranar Juma'a ina kake?"

Direba ya fito da baƙin mai har goshi, idonsa ya kaɗa. "Baba, tun safe nake jin abin da ake faɗa. Ni a gidan nan na tashi. A tukunyar can na ci abinci har na zama mutum. Ni zan yi wa masu kashe iyayen yara dako?"

"Ban ce ba. Ina kake?"

Direba ya sosa ƙeya. Ashe gidan su yarinyar da yake nema ya tafi da motar marayu, ya kai mahaifinta masallaci don ya samu shiga, wayar ma ita ya saya wa, yana riƙe da ita ne kafin ya samu ƙarfin halin miƙawa. Shugaba ta ce za su yi maganar man mota daga baya, amma ta tambaye shi ko yarinyar tana da hankali.

Takalminsa aka ɗauko daga bayan kujera. Mai Sawu ya aza shi a gefen sawun, ya fi shi tsawo da faɗi, kamar an aza kwale-kwale kusa da cokali.

"Koma ƙarƙashin motarka," ya ce. "Ka kuma miƙa wayar nan kafin wani ya riga ka."

*

Maganar maɓalli tana fita, unguwa ta juya gaba ɗaya ta fuskanci shagon Tela. Abin ya yi daidai har ya so ya yi yawa: maɓallai a shagonsa kamar tsakuwa, yana da takalmin ruwa, shagon yana kallon ƙofar gidauniya, sannan mutum uku sun rantse ba su gan shi a masallaci ranar Juma'a ba. Ga shi da maƙo, bai taɓa jefa ko ficika a akwatin gidauniya ba, don haka ba wanda ya yi tunanin alheri ne ya kai shi.

Suka same shi ya rungume kan kekensa kamar za a ƙwace.

"Malam Tela, ba a gan ka a sahu ba," in ji Mai Sawu.

"Ba ni da lafiya."

"Me ya same ka?"

"Ciwon... jiki."

"Na ina?"

Tela ya dubi Jami'a, ya dubi jama'ar da suka toshe ƙofa, ya ga ba mafita. Ya ce a ƙarƙashin teburin yanka ya wuni. Wani mahauci ne ya ba shi ɗinki tun bara, ya kuma aiko cewa ranar Juma'a za su haɗu a masallaci, ko riga ko rai. Shi ya sa ya kulle kansa ta ciki, ya yi sallarsa a zaune tsakanin ƙyallaye.

"Ba ka ji komai ba?"

"Na ji ƙarar baro ya wuce ya dawo. Na ɗauka mahaucin ne ya zo ɗaukar gawata, ban leƙa ba."

Aka kwashe da dariya, mahaucin ma yana cikin masu dariyar, daga baya ya tuna ya daina. Mai Sawu ya juya takalmin Tela sama da ƙasa. Akwai allura a maƙale, akwai zare, akwai cingam, amma babu maɓalli, kuma zanen ƙasansa ma daban ne.

Daga nan abin ya zama kamar wasa. Duk mai takalmin ruwa a unguwar ya kawo nasa, mai wankin mota, mai sayar da kifi, magina, aka tara su a ƙofar gidauniya. Mai Sawu ya juya su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata. Babu. Yara suka fito cin abincin rana, Shugaba tana zuba musu tana satar kallon agogo, shi kuma ya ji daɗin da ya ji da safe yana tsiyayewa.

*

Ya koma gefe ya zauna a kan benci a bayan madafa, inda ba kowa. Jami'a ta biyo shi da ruwa a kofi.

"Baba, tun safe nake ganin kana ɗingishi."

"Takalmin ne, 'yata. Ya matse ni."

"To ka cire ka huta mana. Ai ma kowa an juya nasa, kai kaɗai ka rage." Da wasa ta faɗa.

"Ki juya, kada a ce na yi son kai," ya ce yana dariya, ya tuɓe na hagu ya miƙa mata.

Ta juya shi. A tsagar dugadugi, ga ɗan farin maɓalli ya shige daram, da ramukansa huɗu.

Suka dubi juna. Mai Sawu ya karɓi takalmin, ya zura hannu har ƙurya, inda yatsunsa suka wuni suna kuka, ya jawo wani dunƙulen ƙyalle. Ya warware shi. Guntun atamfa ne mai ɗigon kore, kuma ya san zanen da aka yanko shi daga jiki, don shi ya saya da hannunsa.

"Ranar Juma'a ina sahun gaba, da takalmin fita kunya," ya ce a hankali. "Wannan yana bayan randa. Mai ƙaramar ƙafa ce ta sa shi, ta cusa ƙyalle don kada ya zame mata. Tun ɗazu ya kamata in lura, takun ya yi gajere, gaban sawun kuma bai nutse ba. Maɓallin ne ya ɗauke min hankali, ina murnar na gan shi."

"Wace ce, Baba?"

"Wadda na shekara arba'in ina cika wa baki cewa ɓarawon da zai ruɗe ni sai ya aro ƙafar wani." Ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. "Zo mu je gidana ki sha ruwa. Kowa ya tambaya, ruwa kika je sha."

*

Iya tana nan inda ya bar ta. Ta ga Jami'a, ta ga takalmi a hannun mijinta, ta ci gaba da ɗinkinta kamar ba ta ga komai ba.

"Sannu da zuwa, 'yata. Malam, ƙafar ce ta ƙara ƙiba?"

Ya ajiye ƙyallen a kan cinyarta. "Baiwar Allah, ranar Juma'a da azahar kina ina?"

"Inda Allah ya ajiye ni."

"Ya ajiye ki kusa da baro?"

"Baro ai ko'ina akwai shi."

"Kin san wata shuɗiyar buta?"

"Duk macen da ta taɓa taya girki a gidauniya ta san ta."

Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ba ta ba shi ko ɗaya ba. Mai Sawu ya ji wani alfahari ya kama shi, don a duk waɗanda ya taɓa titsiyewa ba wanda ya kai ta. Jami'a ce ta durƙusa kusa da ita, ta gaya mata maganar da Maigadi bai faɗa a gabanta ba: mutanen daji, motar gobe, da kwaɗon da za a sa wa gidan marayu bayan la'asar.

Allura ta faɗi daga hannun Iya.

"Rufewa? Saboda fitila?" Ta dubi mijinta, fuskarta ta canza. "Yaran da suke karatu a duhu ne fa... Ni ban san haka abin yake ba. Na yi bakance ne, 'yata. Na yi wa Allah alkawarin ba mahalukin da zai ji daga bakina. Yanzu ya zan yi?"

"Iya, ɓoye sadaka daga idon mutane abu ne da addini ya yaba," in ji Jami'a. "Amma wanda aka damƙa wa amanar marayu wajibi ne ya san daga ina kaya suka fito da inda za su, don kada a ci da sunansu a zubar da jini. Ba unguwa ce ke buƙatar sani ba, ni ce. Kuma ba daga bakinki na ji ba, takalmi ne ya faɗa. Saura in ga inda aka saye su da abin da aka saye su da shi."

Iya ta sa hannu ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan ja shi baya kamar zafi ya dame ta. Kunnuwanta babu komai. 'Yan kunnen zinaren da mahaifiyarta ta bar mata, waɗanda ko wanka ba ta cire su, babu su.

"Ni dai ban ce komai ba," ta ce tana kallon bango. "Amma da ni ce ke, da na bi ta wajen mai zinaren bakin kasuwa na gaishe shi. In na fito kuma, mai kayan lantarkin da ke kusa da famfo mutumin kirki ne, yana son baƙi."

Jami'a ta miƙe tana murmushi, ta ce gaisuwa ai ba ta da wuya. Mai Sawu kuwa ya kasa ɗauke ido daga kunnuwan.

*

Bayan la'asar aka taru a filin gidauniya, har da masu leƙe ta katanga. Maigadi, Direba da Tela suna zaune a benci ɗaya, kowa ya matsa nesa da ɗan'uwansa. Jami'a ta dawo daga kasuwa, kwaɗon hukuma yana hannunta kowa yana gani. Mai Sawu ya tsaya a tsakiya da silifas.

"Maigadi ba shi da laifi," ya ce, "sai dai a canza masa buta. Direba ba shi da laifi, a taya shi da addu'a. Tela ba shi da laifi a wannan maganar, sauran kuma tsakaninsa da mahauci. Wanda ya kawo kayan na same shi. Ba ɗan daji ba ne, ba ɗan aikensu ba ne. Da halalinsa ya saya, don yaran gidan nan su samu hasken karatu."

"Na je na gani da idona," in ji Jami'a. "Na san inda aka saya, na san da me aka saya. Ba za a rufe gidan nan ba." Ta jefa kwaɗon a jaka.

Shugaba ta fashe da kuka tana dariya, matan madafa suka rungume ta. Sai da hayaniya ta lafa wani ya ce, "To wane ne?"

"Sunan yana wurina," in ji Jami'a, "kuma a wurina zai zauna."

Nan fa aka yi ca. An wuni ana zargi, a ce ba za a ba mutane ko suna su tafi da shi gida ba? Jami'a ta bari suka gaji, sannan ta ce daga yau duk mai son ya ba da sadaka a ɓoye ya zo wurin Shugaba ta ƙofar baya, ita da hukuma kaɗai za su sani, amma kada wanda ya sake shiga sito da buta. Motar ma daga gobe a riƙa buɗe ta a shinge kamar ta kowa. Direba ya ce shi ya fi kowa son haka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba Mai Sawu dariya. Mutanen da suka wuni suna zargin juna da ta'addanci suka koma zargin juna da alheri. Wata tsohuwa ta kama hannun Tela ta ce Allah ya saka, ita dama ta san maƙon nan na ɓoye lada ne. Tela ya buɗe baki zai musa, ya hango mahauci yana kallonsa da wani sabon girmamawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A bar maganar nan, don Allah."

Can a bakin madafa Iya tana tsaye cikin mata, tana tafa hannu tana cewa kowane ne Allah ya yi masa albarka, amma ya cika rashin tunani.

*

Da magariba ta kawo jiki suna tsakar gida su biyu. Daga nesa ana jin ihun yara a gidauniya, an raba fitilu kowa yana kunna tasa yana kashewa. Iya ba ta rage wa gidanta ko ɗaya ba, tsohuwar fitilarsu ce take ta fama a kan turmi.

"A ina kika ɓoye kwalayen kafin Juma'a?" ya tambaya.

"A ƙarƙashin gadonka."

Ya haɗiye wannan da ƙyar. "'Yan kunnen fa, tun yaushe?"

"Tun satin da aka cire maka bandeji."

Shi da yake ganin inda ƙadangare ya ja wutsiya, ya yi wata da watanni yana cin abinci a gaban matarsa bai ga kunnenta ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban kowa ba.

"Bakancen na mene ne?" ya ce.

"Ka san ba zan faɗa ba."

Ta ɗauki ɗan farin maɓallin da ya ciro daga takalmi, ta goge shi da bakin zane, tana juya shi a tafin hannu. Ba ta dube shi ba ta yi tambayar, muryarta kuma ba irin ta tsokana ba ce.

"Malam, da ka durƙusa a ƙofar siton nan, wani ne ya nuna maka shi?"

"Ni na gani."

"Har ramukan?"

"Har ramukan. Guda huɗu, a ƙasa, a cikin inuwa."

Iya ta runtse hannu a kan maɓallin, ta kai shi ƙirjinta. Hawaye suka zubo mata tana murmushi, leɓenta yana motsi da godiyar da ba shi take yi wa ba. A nan ya gane abin da ta roƙa ranar da aka shiga da shi ɗakin aiki, da abin da ya sa ta zaɓi fitila ba buhun shinkafa ba.

Sai ya jawo rigarsa da ba ta gama ba, ya karɓi allura da zare daga cinyarta, ya ɗaga su wajen ɗan hasken da ya rage. Zaren ya shige a karo ɗaya. Ya miƙa mata.

"Gobe zan bi ta wajen mai zinare," ya ce. "Gaisuwa kawai."

"Ka dai sa silifas," in ji Iya, tana share ido, "kada in bi sawunka."